Wa Ya Taɓa Ganin Fim Ɗin Kanta?

A shekarar 1978, lokacin da Jega da Aliero da Maiyama suke ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, marigayi Adamu Halilu ya shirya fim a kan Muhammadu Kanta, sarkin da ya gina Surame, ya kuma ƙi miƙa wuya ga Askiya na Songhai a ƙarni na 16. Sunan fim ɗin Kanta of Kebbi, kuma gwamnatin jihar ta wancan lokaci ta sa hannu a aikinsa. To yau ka shiga kasuwar Jega, ka bi shagunan masu tura fina-finai a waya ɗaya bayan ɗaya, ka ce a tura maka Kanta. Za a dube ka kamar wanda ya je maƙera sayen ƙanƙara. Amma ka ce a ba ka kashi na tamanin na wani fim mai dogon zango, ko sabuwar fassarar Indiya da aka saki shekaranjiya, kafin ka rufe baki an cika maka memori.

Wannan abin kunya ne, kuma ba a kan yaron da ke zaune gaban kwamfuta a shago kunyar ta tsaya ba. Kaso mafi tsoka namu ne, mu da muka yi karatu, muke rubuce-rubuce, muke cika Facebook da kukan cewa fim ya ɓata tarbiyya, alhali ba mu taɓa kama hannun ƙane ko ɗa mun ce masa "zo ka kalli wannan" ba. Hana kallo muka iya. Nuna abin da ya cancanci kallo kuwa mun bar wa kasuwa, ita kuma kasuwa sabon kaya kawai ta sani. Rashin mai ambato ke kashe tsohon fim, kuma mu ne muka yi shiru.

Ga yadda abin ke faruwa. Mai shago yana da kwamfuta ɗaya da rumbun ajiya mai iyaka. Duk mako sababbin fina-finai na shigowa, wuri ya cika, sai ya duba wanda aka daɗe ba a tambaya ba ya goge. Ba don mugunta ba. Ko mai albasa a Aliero ba ya riƙe buhun da babu mai taya shi. YouTube kuma abin da jama'a suka fi kallo jiya shi yake turo maka yau, saboda haka fim ɗin da ba ka san sunansa ba, ko yana nan a ciki, ya zama allura cikin ruwa, sai mai rabo. A ɗaya gefen, asalin kayan yana ruɓewa. Zaren fim irin na majigi, wanda ake naɗewa a gwangwani, in zafi da laima suka same shi sai ya fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya manne da juna har ya ƙi warwaruwa. Kaset ɗin bidiyo yakan yi fumfuna, faifan CD ya karce. Kowace damina da ta wuce ba a yi komai ba, akwai fim ɗin da ya tafi ke nan har abada.

Wanda ke ganin ina zuzuta abin, ya dubi abin da ya sami Shaihu Umar. Littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne da ya fito a 1934, labarin yaron da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta a hanya. Adamu Halilu ya mayar da shi fim da harshen Hausa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Bayan haka fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a na kusan shekara arba'in, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wata cibiya ta birnin Berlin mai suna Arsenal ta shigo aka gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wato Bajamushe ya sayi tikiti ya zauna ya kalli labarin Firayim Ministanmu na farko, cikin harshenmu, yana karanta fassara a ƙasan allo, alhali ɗalibin Hausa a Jega da ya haddace littafin don jarrabawa bai ma san an taɓa yin fim ɗinsa ba.

Wannan jahilci ne ya haifi maganar da ake ta maimaitawa, cewa fim ɗin Hausa ya fara ne a 1990 da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa. Turmin Danya shi ya buɗe kasuwar kaset a Kano, wannan gaskiya ne, kuma girmansa ne. Amma kafinsa akwai majigi da ke yawo ƙauyuka a mota, akwai Baban Larai na shekarun 1950 da aka yi don koya wa manoma noman auduga, akwai Shaihu Umar, akwai Kanta, akwai kuma maƙwabtanmu na Nijar da suka yi nisa tun muna barci. Wanda ya yanke tarihin daga 1990 ya yarda ke nan cewa fim ɗinmu ba shi da uba sai Indiya, kuma daga nan ne masu zagi suke samun bakin magana.

Ba zan tsaya a ƙorafi ba, don ƙorafi mun ƙoshi da shi. Ga sunaye, kowa da irin abin da yake so.

Mai son tarihi da yaƙi, wanda ya haddace sarakunan Turkawa saboda fim mai dogon zango, ya nemi Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 1986. An ɗauko shi daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, kuma labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, hayin iyaka kaɗan daga Kangiwa. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta ratso wannan yanki tana ƙona garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi. Sarakuna da yawa sun buɗe ƙofa, matar nan ta tsaya ta yi yaƙi. Fim ɗin bai ɓoye cewa yawancin sojojin da ke riƙe da bindigogin Faransa baƙaƙen fata ba ne, kuma bai ɓoye yadda maƙwabta suka bar ta ita kaɗai ba. Ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Abin da ya faru a bakin ƙofarmu ne, amma sai da aka je Burkina Faso aka ɗauke shi, mu kuma ko sunansa ba mu riƙe ba.

Manomin fadama, wanda ya san darajar ruwa a watan da albasa ke neman sa, nasa shi ne Al-Ard, wato Ƙasa, na Yusuf Shahin ɗan Masar, wanda aka gama a ƙarshen shekarun 1960. Wani ƙauye ne a gaɓar Nilu da hukuma ta rage wa kwanakin ban ruwa daga goma zuwa biyar don gonar mai kuɗi ta sha ta ƙoshi. Manoma suka rubuta takardar koke, mai kuɗin ya karɓa ya juya ta, sai ga shi an zo yanka hanya ta tsakiyar gonakinsu zuwa ƙofar gidansa. Abin da ya fi ciwo a fim ɗin shi ne yadda talakawan suka koma faɗa da junansu a bakin magudanar ruwa, kowa na zargin ɗan uwansa da satar rabonsa. A ƙarshe an ɗaure dattijon ƙauyen a jikin doki ana jan sa, yatsunsa na kartar ƙasar da ya ƙi saki. Duk wanda ya taɓa ganin an auna gonar gado da igiyar hukuma zai gane wannan fim ko da an kashe sautinsa.

Ɗan uwansa a Indiya shi ne Do Bigha Zamin na Bimal Roy, 1953. Mu da muke taƙama mun san fim ɗin Indiya tun zamanin sinima, yawancinmu ba mu san shi ba, don babu jarumi mai dukan mutum hamsin a ciki. Manomi ne mai 'yar gona da bashi ya ci, mai kuɗin gari na son filin ya gina masana'anta, kotu ta ba shi wata uku ya biya. Ya tafi Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafarsa, ɗansa na goge takalma. Ka cire Kalkata ka sa Legas ko Fatakwal, ka cire keken ka sa babur ɗin acaɓa, ka ga yaron gidanku. Mu ma muna da namu a wannan babi: Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, 1991, inda aka gano duwatsu masu daraja a ƙarƙashin gonakin wani ƙauye, wani attajiri ya tashi raba mutanen da ƙasarsu. An yi shi shekaru da dama kafin haƙar zinare ta zama abin da ta zama a Zamfara da Yawuri.

Jega kuwa gari ne na fatauci tun ƙarni na 19, lokacin da ayarin goro daga Gwanja ke yada zango a kasuwarta. Jikokin waɗannan fatake su nemi Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka sake shi a 1967. Samari uku ne daga gaɓar Kwara a Nijar suka taka zuwa Kumasi da Ankara cin rani, kuma su da kansu suke ba da labarin a kan hoton, suna yi wa juna ba'a. Sai a haɗa da Cabascabo na Oumarou Ganda, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Faransa a Indocina da kuɗi a aljihu, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa, ranar da aljihu ya bushe kowa ya watse. Ganda da kansa ya yi wannan yaƙi, shi ya sa babu ƙarya a fuskarsa.

Masu cewa tsohon fim ba ya ba da dariya, ban san me za su ce da Mandabi na Usman Sembene ɗan Senegal ba, wanda ya fito a 1968 da harshen Wolof. Ibrahima Dieng magidanci ne mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, babu aikin yi. Ɗan 'yar uwarsa da ke shara a titunan Faris ya aiko masa da takardar kuɗi ta gidan waya. Kafin ya taɓa ko sisi labari ya zaga unguwa, masu neman rance sun yi layi, matansa sun ci bashin shinkafa. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa. Takardar haihuwa sai ya faɗi watan da aka haife shi, shi kuwa bai sani ba. Haka ya yi ta zagaye ofisoshi da babbar rigarsa har wani ɗan boko na kusa da shi ya karɓi kuɗin da sunan taimako ya cinye. Duk dattijon Maiyama da banki ya taɓa mayarwa gida don sunansa na NIN bai yi daidai da na BVN ba zai yi dariya har hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba.

Akwai kuma wani gajeren fim na Mustafa Alasan ɗan Nijar, wanda ya zauna a Tawa har ƙarshen rayuwarsa, mai suna Le Retour d'un aventurier, wato dawowar ɗan yawon duniya, na 1966. Saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka hau dawaki suka addabi garinsu da sata da faɗa. Yau shekara wajen sittin ke nan da wani ɗan Nijar ya yi fim a kan yadda kallon fim ke juya kan matasa, ya kuma yi shi da raha. Duk huɗubar da muke yi a kan TikTok, mutumin nan ya riga mu, kuma ya fi mu iya faɗa. Shi ne dai ya yi katun na Bon Voyage Sim, inda kwaɗi ke da shugaban ƙasa da jirgin sama da faretin soja, ga masu neman abin da za su nuna wa yara.

A ɓangaren aure da zaman gida, akwai Le Wazzou polygame na Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972: Alhaji ya dawo daga Makka ya ƙwace budurwar da aka yi wa wani saurayi alkawari ya yi ta uku da ita, abin ya ƙare da jini. Akwai Kulɓa Na Ɓarna da Brendan Shehu ya ɗauko daga wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina, a kan attajirin da ke lalata 'yan makaranta. Akwai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da fim ɗin da aka yi daga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, duka daga zamanin kaset. Mai son faɗa kuwa, wanda ya kalli Sholay sau goma, ya koma ga tushen irin wannan labari: Seven Samurai na Akira Kurosawa ɗan Japan, 1954, inda manoma suka gaji da 'yan fashin da ke zuwa duk kaka su kwashe amfanin gona, suka ɗauko mayaƙa haya da ladan abinci kawai. Ba sai an yi wa mutumin Kabi ko Zamfara bayanin wannan labari a yau ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce ba Hausa ake yi a yawancinsu ba. To Indiyanci muke ji? Masu fassarar da suka iya sa wa jarumin kudancin Indiya bakin Kano har da habaici, me zai gagare su a Mandabi? Fina-finan Ganda ma da Zabarmanci aka yi su, harshen da dubban mutane ke ji a Jihar Kabi ba tare da tafinta ba.

Za a ce hotonsu baƙi da fari ne, kuma suna da jan rai. Wannan daga bakin mutanen da ke bin fim mai dogon zango shekara uku, ana kashe rabin awa a gaisuwa da shiga mota da fita mota. Cabascabo bai kai awa ɗaya ba, ya faɗi abin da zai faɗa ya tashi. Ido kuwa abin da aka saba masa shi yake so. Minti goma na farko ne ke da wuya.

Za a ce fim duk fim ne, ɓata lokaci ne da ɓata tarbiyya. Masu wannan magana ina girmama damuwarsu, amma su duba sakamakon dabararsu. An shekara talatin ana cewa kada a kalla, yau ga waya a hannun kowane yaro, yana kallon abin da ko sunansa uban bai sani ba. Tun da kallon ba zai tsaya ba, saura zaɓi, kuma zaɓi aikin manya ne. Ban ce duk abin da na lissafa ya dace da kowane zaure ba. A Sarraounia akwai kisa mai tayar da hankali, a Jaguar akwai wurin da matafiyan suka ratsa ƙasar mutanen da ba su sa tufafi. Babba ya fara kallo, ya san wanda zai nuna wa yara da wanda zai bar wa manya. Haka ake yi da littafi, haka ya kamata a yi da fim.

Za a kuma ce ina za a same su? Wasu suna YouTube, jiran mai rubuta sunansu kawai suke yi. Wasu suna ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos. Wasu suna cikin kwali a ɗakunan tsofaffin furodusoshin Kano da Kaduna. A nan sai an yi hattara: satar fasaha ce ta durƙusar da kasuwar kaset da faifai, ta bar mutanen da suka kafa wannan sana'a cikin talauci. Kada son tsohon fim ya zama sabuwar hanyar cin guminsu. A neme su, a biya su, a juye kaset ɗin zuwa kwamfuta da izininsu tun suna raye.

Aikin ba shi da tsada. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero tana da ɗakunan lacca da na'urar haska hoto a bango. Ƙungiyar ɗalibai ɗaya ta isa ta ware dare ɗaya a wata, a kalli tsohon fim, a yi muhawara a kansa. Malamin Hausa da ke koyar da Shaihu Umar ko Kulɓa Na Ɓarna a sakandare ya gaya wa ɗalibansa cewa akwai fim ɗinsu. Mai shagon tura fina-finai ya ware kusurwa ɗaya a rumbunsa ya ce wannan ba a gogewa, mu kuma mu riƙa zuwa muna tambaya, don abin da ake tambaya shi ake ajiyewa. Marubutan da ke wannan dandali, kowa ya ɗauki tsohon fim ɗaya ya rubuta shafi biyu a kansa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san tulun da take ciki.

Babban aikin kuwa na hukuma ne. Jihar Kabi, wadda aka yanke daga Sakkwato a 1991, tana da gidan tarihi mai sunan Kanta a Argungu, tana kuma kashe kuɗi a bikin kamun kifi don duniya ta zo ta ga al'adunmu. Jihar da ke da wannan hali ba ta da hujjar barin fim ɗin Kanta a duhu. A tura mutane Jos da Kaduna da Sakkwato su bi sawunsa, a haɗa kai da waɗanda suka gyara Shaihu Umar, tun da sun nuna ana iyawa. In an same shi, a kafa farin ƙyalle a filin Argungu a haska, sa'an nan a ɗora shi a mota kamar majigin da, a kai shi Jega da Aliero da Maiyama, a bar mutane su ga sarkinsu kyauta. Zaren da ke cikin gwangwani ba ya jiran kasafin kuɗin baɗi. Allah Ya jiƙan Adamu Halilu da sauran magabatan wannan sana'a, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.